Daga Maƙogwaro Zuwa Ƙwaƙwalwa: Tarihin Sanƙarau da Dangoginsa a Ƙasarmu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ya san cewa babu littafin da ya kai rajistar aji faɗar gaskiya. Ita ce ke nuna wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma idan ta daɗe a ajiye sai ta koma littafin tarihin gari ba tare da an nufe ta da haka ba. Mu da muke bakin aikin koyarwa a shekarar 1996 ba za mu manta da yadda rajistocinmu suka kasance ba bayan da ruwan farko ya sauka, annobar sanƙarau ta lafa. Sunayen yara sun kasu kashi uku. Akwai waɗanda muka ja wa layi da jan biro, Allah Ya jiƙansu. Akwai waɗanda suka kwanta suka tashi garau, suka koma kan bencinsu kamar ba abin da ya faru. Sannan akwai kashi na uku, wato waɗanda suka dawo da ƙafarsu amma ba yadda suka tafi ba. Wannan ba ya ji, wancan yana jan ƙafa, waccan kuma ta fara faɗuwa tana jijjiga a tsakiyar darasi.

Hukuma ta ƙidaya kashi na farko, iyaye sun yi murna da kashi na biyu, amma kashi na uku babu wanda ya riƙe lissafinsu. Saboda su ne muka ga ya dace mu waiwayi tarihin cututtukan da ke shiga yaro ta hanci da maƙogwaro, su ƙare a ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, kuma tafiyar da ƙasar nan ta yi da sanƙarau ta kai shekara 120.

Ƙofar da cutar ke shigowa

Iyayenmu sun raɗa wa cutar suna ne daga abin da idonsu ya gani, wato yadda wuyan mara lafiya ke sanƙarewa har ya kasa sunkuyar da kai. Sai dai ba a wuya take farawa ba. Ƙwayoyin cuta na dangin bakteriya guda uku ne suka fi haddasa ta ga yara, su ne meningokokus da nimokokus da wadda ake taƙaita sunanta da Hib. Dukkansu mazauninsu hanci da maƙogwaron ɗan'adam, kuma suna wucewa daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa da cuɗanya a ɗaki guda. Abin mamaki shi ne kusan mutum 1 cikin 10 yana yawo da meningokokus a maƙogwaronsa alhali lafiyarsa lau, bai san yana raba ta ga na kusa da shi ba.

Masana na ganin cewa ƙurar hunturu da bushewar iska da zafin bazara su ne ke raunana fatar cikin hanci, har ƙwayar ta samu ƙofar faɗawa cikin jini. Daga jini sai ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, tantanin ya kumbura, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya gurɓace da mugunya. To, ƙoƙon kai kamar rufaffiyar ƙwarya yake, ba shi da wurin da kumburi zai faɗaɗa, don haka ƙwaƙwalwa ce ke shan matsin.

Daga nan ɓarnar ke rarrabuwa. Idan cutar ta kai ga can cikin kunne, inda wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi ke karɓar sauti, yaro na iya kurumcewa har abada. Idan ta toshe jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sai hannu ko ƙafa ko ɓarin jiki ya shanye. Tabon da ta bari kan zama sanadin farfaɗiya. Ga jariri kuwa, takan toshe hanyar da ruwan kai ke bi, ruwan ya taru, kan ya yi ta girma. Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani, kamar raunin riƙe karatu da saurin fushi da jinkirin magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 6 da irin wannan sanƙarau ya kama, 1 na rasuwa, kuma 1 cikin 5 na tashi da wata nakasa mai ɗorewa.

Farkon zuwanta

Mutane da yawa na ɗaukan cewa sanƙarau tsohuwar annoba ce da muka gada tun kaka da kakanni. Abin da aka rubuta bai nuna haka ba. Likitan da ya fara bayyana annobar a rubuce shi ne Gaspard Vieusseux, a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, a shekarar 1805. A 1887 wani likita a Biyana ta Ostiriya mai suna Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar meningokokus a ruwan kan waɗanda suka rasu. Bayan shekara huɗu, wato 1891, Bajamushe Heinrich Quincke ya fito da dabarar ɗibar ruwan gadon baya da allura, wadda har yau da ita ake tabbatar da cutar.

Babbar annoba ta farko da aka rubuta a Afirka ta Yamma ta tashi ne a Arewacin Nijeriya a 1905, shekara ɗari cif bayan ta Janiba, kuma shekara biyu kacal bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato. An ga ɓullarta a Zungeru, hedikwatar Gwamna Lugard ta wancan lokaci, daga nan ta bazu yamma har ta kai arewacin ƙasar da a yau ake kira Gana. Wasu masana tarihin cutar na ganin ta biyo hanyar gabas ce daga Sudan, hanyar da fatake da alhazai da sojoji ke bi. Ta sake dawowa da ƙarfi a 1921, inda rahotannin Turawan mulki suka nuna cewa dubun dubatar mutane sun rasu a Lardin Sakkwato kaɗai.

A wancan zamani babu magani ko a hannun Bature. Fiye da rabin waɗanda suka kwanta ba sa tashi. Abin da hukuma ke iyawa shi ne rufe kasuwanni da hana taruwa da keɓe marasa lafiya a bukkoki a bayan gari. Dattawan da muka tarar sun ba mu labarin yadda iyaye ke ɓoye ɗansu a ƙuryar ɗaki don kada a ɗauke shi, ba su san cewa cunkoson ɗakin shi ne ke ba cutar sauran 'ya'yan ba. Jijjigar da yaro ke yi da sambatun zazzaɓi kuwa, sai aka danganta su da iska ko maita ko sammu, aka yi ta hayaƙi da turare. Ba mu faɗi wannan don zargin magabata ba, domin sun yi iyakar saninsu ne, kuma an ce rashin sani ya fi dare duhu.

Zamanin magani

Sauyi na farko ya zo a 1938, lokacin da kamfanin May & Baker na Ingila ya fitar da ƙwayar maganin da aka sani da M&B 693. Tsofaffin ma'aikatan asibiti da malaman disfensare sun daɗe suna ambaton ta da girmamawa, domin da ita aka fara ganin mai sanƙarau ya tashi a hannun ma'aikacin ƙauye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fenisilin ya shigo. Duk da haka annobar 1949 zuwa 1950 ta ratsa lardunan Arewa ta yi ɓarna mai yawa, saboda magani na birni, mara lafiya kuwa yana ƙauyen da sai an yi kwana a kan jaki kafin a kai shi.

A nan akwai abin lura da tarihi ya koya mana. Kafin zuwan magani, yaron da cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa sosai yakan rasu. Da magani ya zo, sai ya zamana ana ceto ran, amma idan an makara ɓarnar ta riga ta auku. Ke nan yawan waɗanda ke tashi ya ƙaru, tare da su kuma yawan kurame da masu farfaɗiya da masu shanyayyen hannu. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya mayar da jijiyar da ta mutu.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya wallafa binciken da ya shata iyakar yankin da annobar ke zagayawa. Ya nuna cewa yankin ya yi daidai da ƙasashen da ruwan samansu ke tsakanin milimita 300 da 1,100 a shekara. A yau ana lissafa ƙasashe 26 a wannan ɗamara, daga Sanagal zuwa Habasha, kuma ƙasar Hausa ta Nijeriya da Nijar tana tsakiyarta. Ya tabbatar da abin da manomanmu suka riga suka lura da shi, cewa cutar na tashi da rani, ta yi tsanani da bazara, ta kwanta da faɗuwar damina, sannan babbar annoba ta dawo bayan 'yan shekaru.

Ƙasarmu ta ba da gudummawa a fagen ilimin wannan cuta, kuma ya kamata 'ya'yanmu su san haka. A shekarun 1970, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya zama ɗaya daga cibiyoyin binciken sanƙarau da duniya ke sauraro. A can Dakta Brian Greenwood da Dakta Hilton Whittle suka yi aiki tare da likitocinmu na gida, cikinsu har da Dakta Sadiq Wali wanda daga baya ya zama farfesa. Annobar da ta faɗa wa Zariya a 1977 ta sa suka gwada yi wa mara lafiya allura guda tak ta maganin kuloramfenikol mai haɗe da mai, wadda ke daɗewa tana aiki a jiki. Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai a karkara, inda ma'aikaci ɗaya ba zai iya yi wa mutum ɗari allura sau huɗu a yini ba. Daga baya maganin seftiriyazon ya maye gurbinta.

Shekarar 1996

Babu annobar da ta kai ta 1996 girma a tarihin da aka rubuta na wannan yanki. A Nijeriya kaɗai an lissafa mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. A faɗin Afirka, tsakanin 1996 da 1997, waɗanda suka kamu sun haura 250,000, mamata kuma sun kai 25,000. Kano da Katsina da Bauci da Sakkwato da Kabi duk sun ji jiki, ga ƙyanda da amai da gudawa sun haɗu da ita a lokaci guda. Har ta kai hukumomin Saudiyya suka dakatar da shigar maniyyatan Nijeriya a aikin hajjin wannan shekara. Farfesa Idris Mohammed shi ne ya jagoranci ayarin da Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa yaƙi da annobar, aka yi wa miliyoyin mutane allurar rigakafi cikin 'yan watanni.

Mun ga abin da idonmu. Yaro zai zo makaranta da safe yana wasa, da azahar ya ce kansa na ciwo, kafin asuba ya fita hayyacinsa. Asibitoci suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa, ana rataye ledar ƙarin ruwa a jikin reshe. Mun kuma ga iyayen da suka ƙi yarda a ɗebi ruwan gadon bayan ɗansu, saboda jita-jitar cewa allurar ce ke kashewa ko gurguntawa. Gaskiyar magana ita ce yaran da ake kaiwa a makare su ne ake yi wa ita suna gab da cikawa, sai aka ɗora wa allura laifin da na cuta ne da jinkiri.

A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, 5 daga waɗanda aka ba sabon maganin, 6 daga waɗanda aka ba tsohon, wasu kuma suka tashi da kurumta da shanyewar jiki. Iyaye sun yi ƙarar cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a wajen kotu a kan dala miliyan 75. Amma tabon da abin ya bari a zukata ya fi kuɗin tsada, domin yana daga cikin hujjojin da aka riƙa kafawa a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna. Darasin a bayyane yake, yarda ita ce jarin aikin lafiya, kuma idan ta zube yara ne ke biyan bashin.

Allurar da ta sauya lissafi

Rigakafin da aka yi amfani da shi a 1996 na tsohon samfuri ne. Ba ya kama ƙananan yara sosai, ƙarfinsa na gushewa bayan 'yan shekaru, kuma ba ya korar ƙwayar daga maƙogwaron mai ɗauke da ita. Saboda haka sai annoba ta tashi ake rugawa a nemo shi, alhali an ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ganin irin asarar da aka yi ya sa shugabannin lafiya na Afirka suka nemi sabon rigakafi mai araha. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da shi, kamfanin Serum Institute na Indiya ya ɗauki nauyin sarrafa shi a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. Kafin ya iso, annobar 2009 ta sake kama mutum fiye da 88,000 a yankin, akasarinsu a Nijeriya da Nijar.

A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi sahu a 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Sakamakon ya wuce yadda aka zata. Rukunin ƙwayar da ake kira A, wanda shi ne ya haddasa manyan annobobin da muka ambata na baya-bayan nan, ya ɓace daga wuraren da aka yi allurar. A 2019 Nijeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yau da kullum na jarirai 'yan wata tara.

Sai dai meningokokus gida ne mai 'ya'ya da yawa. Rukunin W ya ɓulla a hajjin 2000, ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2002. Rukunin X ya tashi a Nijar a 2006. Sannan wani sabon nau'i na rukunin C ya bayyana a Sakkwato da Kabi daga 2013, ya afka wa Yamai a 2015, kuma daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 1,100, Zamfara ce ta fi shan wuya. Wannan ya sa aka ƙirƙiro allura guda mai kare rukuni biyar, A da C da W da Y da X, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita.

Dangin da ba sa buga ganga

Annoba na zuwa da hayaniya, don haka kowa ke tunawa da ita. Amma akwai dangin sanƙarau da ke ɗaukar yara ɗaya bayan ɗaya a kowane wata na shekara, ba a ji a rediyo ba. Na farko shi ne nimokokus, wanda Louis Pasteur da George Sternberg suka gano a 1881, kowanne a ƙasarsa. Shi ne babban mai kawo ciwon haƙarƙari da mugunyar kunne. Kunnen da ke ɗiga wata da watanni ana toshe shi da auduga na iya kai cutar ga ƙashin bayan kunne, daga nan ta haura ta zama sanƙarau ko ƙurji a cikin ƙwaƙwalwa. Sanƙarau na nimokokus ya fi na annoba kisa da barin nakasa, kuma yara masu sikila sun fi kowa shiga haɗarinsa. Ta biyu ita ce Hib, wadda Richard Pfeiffer ya gano a 1892 ya zaci ita ce ke kawo mura mai tsanani, alhali jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyar take bi.

Tarin fuka ma, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882, yakan bar huhun ƙaramin yaro ya hau kansa. Irin wannan sanƙarau a hankali yake zuwa, yaro ya yi makonni yana rama da kasala da zazzaɓin da ba ya jin maganin maleriya, galibi kuma akwai babban da ke tari a gidan. Tarin shiƙa kuwa, wanda Jules Bordet da Octave Gengou suka gano ƙwayarsa a 1906, yakan hana jariri numfashi har ya yi shuɗi, ƙarancin iska ya taɓa ƙwaƙwalwa ya jawo jijjiga.

Sai mashaƙo, wanda muka ɗauka ya zama labari. Ƙwayarsa na zama a maƙogwaro ta shimfiɗa wata fata mai ruwan toka, amma dafin da take fitarwa yana bin jini ya kama zuciya da jijiyoyi. Makonni bayan maƙogwaro ya warke sai a ji muryar yaro ta koma ta hanci, in ya sha ruwa ya fito ta hanci, daga baya ƙafafu su yi rauni. Daga ƙarshen 2022 cutar ta dawo Nijeriya, Kano ta zama cibiyarta, kuma ya zuwa farkon 2025 ta kashe fiye da mutum 1,000, yawancinsu yaran da ba su cika rigakafi ba. Abin baƙin cikin shi ne rigakafin mashaƙo da tarin shiƙa yana cikin shirin ƙasa tun ƙarshen shekarun 1970. A 2012 aka haɗa su da na Hib a allurar penta, a ƙarshen 2014 aka fara ta nimokokus, dukkansu a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Cire belu da ake kai yaro wurin wanzami idan maƙogwaro ya kumbura ba ya taɓa waɗannan ƙwayoyi, sai dai ya ƙara masa rauni da zubar jini.

Waɗanda suka tashi

Bari mu koma ga rajistarmu. A cikin yaran da suka dawo a wancan zango akwai wani ɗan aji huɗu, mai kaifin kai, wanda kafin ciwon ba ya wuce na uku a jarrabawa. Da ya dawo sai ya zama in an kira sunansa ba ya amsawa, in an ba da umarni ya tsaya yana kallon bakin malami. Muka ce ya sangarce ne saboda lallashin jinya, muka sa bulala. Sai da aka yi makonni, wata rana aka buga ƙararrawar tashi kowa ya watse shi yana zaune yana rubutu, sannan jikinmu ya yi sanyi. Kwalejin horon malamai ta koya mana tsara darasi da riƙe aji, amma ba ta koya mana cewa yaron da ya tashi daga sanƙarau a fara gwada jinsa ba. Kafin shekara ta ƙare an cire shi daga makaranta an kai shi koyon sana'a. Har yau idan muka haɗu yakan durƙusa ya gaishe mu da hannu, mu kuwa kunya ce ke kama mu.

Ba dole ne labarin irinsa ya ƙare haka ba. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, sanƙarau ne ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. Ya samu makarantar da ta karɓe shi har ya yi digiri, ya zo Afirka ya buɗe makarantar kurame a Akara a 1957, da wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da kafa irinsu a ƙasashe da dama har rasuwarsa a 1987. A nan gida akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, wadda ta daɗe tana karantar da kurame da makafi. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da harshensu na maganar hannu, cikakke mai ƙa'ida, wanda wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta yi nazarinsa ta wallafa littafi a kai a 2000. Abin da ya bambanta Foster da ɗalibinmu shi ne wanda ya tsaya masa bayan an sallame shi daga asibiti.

Likitoci a yau na ba da shawarar a gwada jin duk yaron da ya yi sanƙarau kafin sallama, ko cikin mako huɗu bayanta, a kuma ci gaba da duba shi. Farfaɗiya na da maganin da ke tsayar da ita, kuma ba a ɗaukar ta ta miyau ko taɓawa kamar yadda ake faɗa. Gashin ƙashi na asibiti na dawo da ƙarfin gaɓoɓi gwargwado idan an fara da wuri. Shi kansa malami na da abin yi, ya zaunar da yaron a gaba, ya fuskance shi in zai yi magana, ya rubuta a allo abin da ya faɗa da baki.

Kammalawa

A 2020 ƙasashen duniya suka amince da shirin kawar da annobar sanƙarau kafin 2030, kuma a cikin ginshiƙan shirin har da kula da waɗanda suka tashi da nakasa. Wannan alkawari ne na manya. Namu na cikin gida bai kai haka wuya ba. Uwa ta san cewa zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tayar da yaro, abin gaggawa ne na sa'o'i, domin cutar na iya kisa cikin kwana guda. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa, sai dai ya ƙi nono, ya yi kuka mai tsini, maɗigarsa ta kumbura. Maigida ya nemi katin rigakafin 'ya'yansa ya duba da idonsa, ya rage cunkoson ɗakin kwana da bazara, haka ma alarammomi da masu makarantun kwana.

Akwai kuma aikin da muke ganin ya rataya a wuyan 'yan boko da masu hali na kowane gari, wato a bi unguwa-unguwa a rubuta yaran da ciwo ya bari da kurumta ko farfaɗiya ko shanyewar jiki, a san adadinsu, a nemo musu gwajin ji da magani da gurbin karatu. Yaran 1996 yanzu magidanta ne da matan aure, wasu na sana'a a kasuwanninmu, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da aka rasa yi musu. Ya dace a fara da tambayarsu.